Kundin Aiki: Yadda Yanayin Zuciyar Ɗalibi Ke Juya Karatunsa

Litinin, 15 ga Satumba, 2025

Yau muka fara. Aikin na mu biyu ne, ni mai koyar da lissafi da abokiyar aikina malamar kimiyya, a aji ɗaya na yara 'yan shekara 12 zuwa 13. Shugabar makaranta ta amince, iyaye sun san da maganar, kuma sunan yaro ko ɗaya ba zai shiga wannan kundi ba.

Abin da ya tunzura mu shi ne kalmomin da mu malamai muke yawan jifan yara da su: wane malalaci ne, wance ba ta mai da hankali, wancan taurin kai gare shi. Duk hukunci ne, babu wanda ya faɗi abin da ke faruwa a ran yaron a lokacin da ya ajiye biro. Mu kuwa wannan lokacin muke son gani. Za mu riƙa lura da wa yake ɗaga hannu, wa yake neman taimako in ya cije, me yaro yake yi da zarar tambaya ta gagare shi, kuma in an mayar masa da littafinsa, yana duba gyara ko rufewa yake yi ya jefa a jaka.

Madogararmu ita ce nazarin Reinhard Pekrun, masanin halayyar ɗan Adam daga Jamus, wanda ya tsara shi a 2006. A wurinsa, abin da ɗalibi ke ji game da darasi yana fitowa daga amsar tambaya biyu da yake yi wa kansa, ko da bai furta ba: zan iya kuwa? Abin yana da muhimmanci a wurina? Wanda ya ga zai iya kuma abin ya dame shi, zai ji daɗin aikin. Wanda abin ya dame shi amma yana kokwanton iyawarsa, fargaba ce rabonsa. Idan ya tabbatar wa kansa ba zai iya ba, sai ya yanke ƙauna. Idan kuma bai ga amfanin abin ba sam, gundura ce. Abin da ya burge ni a nan shi ne, tambayoyin biyu duka malami yana da hannu a amsarsu.

Juma'a, 26 ga Satumba

Muna raba 'yar takarda a ƙarshen kowane darasi, mai lamba a maimakon suna. Da farko tambayar ita ce, "Yaya ka ji a darasin yau?" Kusan kowa sai ya rubuta "lafiya lau" ko "na ji daɗi". Yara sun san amsar da ke faranta wa malami. Sai muka sauya ta zuwa: "A daidai ina ne cikin darasin yau ka ji kamar ka ajiye biro, kuma me ya zo maka a rai?" Nan bakuna suka buɗe. Wani ya rubuta, "Lokacin da kowa ya ce ya gane, ni ban gane ba." Wata ta ce, "Da Malam ya fara kiran mutane allo sai na daina jin abin da yake faɗa."

Wannan amsa ta biyu ta tsaya mini a rai, domin yarinyar tana cikin masu fara'a, kullum tana gyaɗa kai ina bayani. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a cikin aji fuska takan yi ƙarya. Yaro yana koyon fuskar "na gane" tun kafin ya koyi darasin, saboda ita ce ke hana a kira shi.

Malama ta kawo shawarar mu yi amfani da allon launuka huɗu irin wanda Marc Brackett da abokan aikinsa na Jami'ar Yale suka yaɗa a makarantu: ja ga wanda ransa ya ɓaci kuma jikinsa ya ɗau zafi, shuɗi ga wanda ransa ya ɓaci jikinsa ya mutu, rawaya ga mai murna da kuzari, kore ga mai natsuwa. Mun karɓa, amma a kan takardar kowa, ba a bango ba. Ba na son yaro ya tashi a gaban 'yan ajinsu ya nuna cewa yau yana shuɗi. Akwai binciken da Matthew Lieberman ya jagoranta a 2007, inda hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cewa ambaton sunan yanayin da mutum ya gani a fuska yana rage motsin sashen da ke tayar da tsoro. Manya aka yi wa gwajin, a ɗakin bincike, don haka ba na ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Duk da haka dalili ne mai kyau na koya wa yara bambanta fargaba da haushi da kunya.

Laraba, 8 ga Oktoba

Makon nan na fargaba ne, kuma shi ya fi ba ni aiki.

Akwai yaron da yake warware tara lambobin kaso, irin su sulusi da rubu'i, a kan kujerarsa ba tare da tangarɗa ba. Na duba littafinsa da idona. Na kira shi allo da irin tambayar, lambobi kawai na sauya. Ya rubuta layin farko daidai, ya tsaya, ya goge abin da yake daidai ɗin, ya tsaya yana juya alli a hannu. Ilimin bai gudu ba, domin da ya koma mazauninsa ya ƙarasa. Wani abu ne ya tare hanya.

Masana suna da bayani a kan wannan. Ƙwaƙwalwa tana da wurin da take riƙe abin da take aiki da shi a nan take, kuma wurin kamar tafin hannu yake, abin da zai ɗauka kaɗan ne. Nelson Cowan ya ƙiyasta a 2001 cewa kimanin abu huɗu ne yake ɗauka a lokaci guda. Lissafi mai matakai yana cinye wurin nan duka: ka riƙe lambar ƙasa, ka riƙe abin da ka ninka, ka tuna mataki na gaba. To idan "kowa yana kallona" da "za su yi mini dariya" suka shigo, su ma wuri suke nema, dole wani abu ya zube. A shekarar 2001 ɗin dai, Mark Ashcraft da Elizabeth Kirk suka sa ɗalibai yin tarawa a ka yayin da suke riƙe da wasu haruffa a zuciya. Masu fargabar lissafi sun fi yin kuskure, musamman a tambayoyin da sai an ɗauki ɗaya an kai gaba, wato inda ake buƙatar riƙo sosai.

Matsalar kuma ba ta ajinmu kaɗai ba ce. A gwajin PISA na 2012, wato gwajin auna ilimin ɗalibai da ake yi a ƙasashe da dama, kashi 59 cikin 100 na 'yan shekara 15 a ƙasashen OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, sun ce sukan damu cewa darasin lissafi zai yi musu wuya, kashi 30 kuma sun ce sukan ji ba su da katabus idan suna gaban tambayar lissafi.

Wani abokin aiki da ya ji muna tattauna wannan ya ce ai tsoro ke wasa ƙwaƙwalwa, har ya ambaci dokar Yerkes da Dodson, wadda ake cewa ta nuna matsi daidai gwargwado yana inganta aiki. Na girmama shi, amma ban yarda ba. Gwajin nan na 1908 a kan ɓeraye aka yi shi, ana jona musu lantarki don su koyi bambanta akwati fari da baƙi. Kuma ko a can, tsananin jonawar ya taimaka ne idan bambancin a bayyane yake. Da aikin ya yi wuya, tsananin ya ɓata koyon. Mu kuwa duk abin da muke koyarwa sabo ne ga yaro, wato mai wuya ne.

Daga gobe, mai zuwa allo zai zo da littafinsa a hannu, kuma su biyu za su zo. Na kuma daina kiran suna kafin tambaya.

Litinin, 20 ga Oktoba

Gajeren bayani. Mary Budd Rowe ta gano tun farkon shekarun 1970 cewa malamai ba sa jira fiye da daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku amsoshi sukan ƙara tsawo, masu amsawa su ƙaru. Mun gwada. Ina ƙirgawa a zuci kafin in nuna kowa. Hannuwan da ban saba gani ba sun fara tashi, a hankali, rabi-rabi, daga layin baya. Masu saurin amsa sun ɗan ji haushi, ɗaya har ya ce, "Malam, ai na sani tun ɗazu." Na ce masa ya rubuta amsar ya kuma nemo hanya ta biyu ta samunta. Ya samu abin yi.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Kafin gwajin makon jiya na ji wani yaro yana faɗa da ƙarfi, yadda kowa zai ji, cewa shi ko buɗe littafi bai yi ba. Ya faɗi gwajin. A takardarsa ta ƙarshen darasi kuwa ya rubuta, "In na karanta na faɗi, kowa zai san ba ni da ƙwaƙwalwa."

Da wuya a sami bayanin da ya fi wannan. Martin Covington na Jami'ar Kalifoniya ya nuna a bincikensa cewa yara da yawa sun gwammace a kira su malalata da a kira su daƙiƙai, don haka sukan janye ƙoƙari da gangan domin su sami abin fakewa. Wanda bai gwada ba, ba a san iyakarsa ba. Idan ka fahimci wannan, abubuwa da dama a aji sai su sauya kama: yaron da ke "manta" aikin gida kullum, wanda ke tayar da wasa da zarar an raba tambaya mai wuya, wadda ke kwafar amsa alhali za ta iya yi da kanta. Kunya suke gudu. Kuma yaron da ya fi buƙatar taimako shi ne na ƙarshen nemansa, saboda ɗaga hannu a ce "ban gane ba" shela ce.

Abu biyu muka sauya. Na farko, gyaran littafi. Ruth Butler ta gwada a 1988 ta raba yara kashi uku: wasu aka ba su maki kawai, wasu sharhi kawai, wasu maki da sharhi tare. Masu sharhi kawai ne aikinsu ya inganta. Waɗanda aka haɗa musu biyun ba su fi masu maki kawai ba, domin ido yana sauka a kan lamba ya tsaya. Yanzu a aikin aji ina rubuta layi ɗaya ko biyu, inda aka yi daidai da matakin da za a sake dubawa, makin kuma yana cikin rajistata har sai an yi gyara. Ranar farko an yi ta gunaguni, "Malam, nawa na ci?" Amma na ga kawuna a sunkuye ana karanta jan biro, abin da a da ba na gani.

Na biyu, kowace safiya ina ɗauko kuskure ɗaya daga littattafan jiya, in kwafe shi a allo da rubutuna, babu suna. Mu fara da nemo abin da mai shi ya yi daidai, sannan mu nemo inda ƙafa ta zame. Jiya, muna tsaka da haka, wata yarinya ta ce, "Nawa ne, Malam, na ga inda na ɓata." Ba wanda ya tambaye ta, ba kuma wanda ya yi dariya. Na ji daɗin wannan fiye da duk wani maki da aka ci a zangon nan.

Mun kuma gyara yadda muke yabo. A binciken Claudia Mueller da Carol Dweck na 1998, yaran da aka yaba wa basira sun fi zaɓar aiki mai sauƙi daga baya, sun fi saurin karaya da suka haɗu da mai wuya, wasunsu har suka ƙara wa makinsu da aka ce su faɗa wa wasu yara. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari sun fi jurewa. Don haka "kai gwani ne" ta koma "hanyar da ka bi ka daidaita lambobin ƙasa ta yi kyau". Ba na tsammanin kalma kaɗai za ta yi abin al'ajabi. Babban gwajin da aka yi a Amurka a kan koya wa ɗalibai cewa basira tana ƙaruwa da ƙoƙari, wanda aka wallafa a 2019 da ɗalibai sama da 12,000, ya sami ƙari ne ɗan kaɗan, galibi ga masu rauni. Amma kaɗan ɗin ma riba ce, tunda sauya kalmar yabo ba ta cin ko sisi.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Mai fargaba yana ba da alama: gumi, goge-goge, tambayar "daidai ne?" bayan kowane layi. Har yanzu yana cikin kokawar. Waɗanda suka fi tayar mini da hankali yanzu su ne masu shuɗi kullum, waɗanda ba sa damun kowa. Suna zaune shiru, littafi a buɗe, kwanan wata a rubuce da kyau, shafin kuma fari fat. Malami mai aji cike zai iya kai ƙarshen shekara bai lura da su ba, har ya rubuta musu "mai ladabi" a rahoto.

Takardunsu sun nuna gundura iri biyu ce a ajin, kuma a ido kamarsu ɗaya. Akwai wanda ya gama tun tuni yana jira, akwai wanda aka bari a baya tun a darasin da ya gabata, maganar tana wucewa ta saman kansa. Dukansu suna kallon taga. Na farkon ƙarin aiki mai nauyi yake so. Na biyun idan ka ƙara masa aiki ka ƙarasa shi.

Na zauna da ɗaya daga cikin na biyun lokacin hutu. Na ce, "Me ya sa ba ka ko fara ba?" Ya ce, "Malam, ko na fara ba zai yi daidai ba." Babu ɓacin rai a muryarsa, kamar yana faɗin ranar mako. Wannan shi ne yanke ƙauna, kuma koyonsa ake yi. Martin Seligman da Steven Maier sun nuna tun 1967 cewa dabbar da ta saba ganin ƙoƙarinta ba ya sauya komai takan daina ƙoƙarin ko da ƙofa ta buɗe. A wajen yara, Pekrun da abokan aikinsa sun bi ɗalibai 3,425 a jihar Bavariya ta Jamus daga aji 5 zuwa aji 9, suka wallafa sakamakon a 2017. Jin daɗi da alfahari sun haifar da maki mai kyau a shekara mai zuwa, makin kuma ya ƙara jin daɗin. Fargaba da kunya da gundura da yanke ƙauna sun ja maki ƙasa, faɗuwar makin ta ƙara rura su. Abin zagaye yake yi, shekara bayan shekara.

Rarrashi bai yi aiki a kan yaron nan ba. "Za ka iya" ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu, domin yana da hujjar shekaru da ke cewa ba haka ba ne. Hujja ce kawai za ta ture hujja. Na shirya masa tambayoyi masu hawa-hawa, na farkon daga inda na tabbatar ƙafarsa tana tsaye, wato ninkawa, kowace ta ɗara ta baya da taki ɗaya. Ya yi na farko, ya dube ni. Na ce ya duba da kansa ko daidai ne, na nuna masa yadda ake dubawa. Ya ci gaba har ya cije a tsakiya. Wannan karon bai ajiye biro ba, ya ce, "Nan ne ban gane ba." Tafiyar tana da nisa, kuma wasu ranakun shafin yakan koma fari.

Alhamis, 4 ga Disamba

Jarrabawar ƙarshen zango ta matso, launin ja ya yawaita a takardu. Mun gwada dabarar Gerardo Ramirez da Sian Beilock, waɗanda suka wallafa a 2011 cewa ɗaliban da suka yi minti 10 suna rubuta damuwarsu kafin jarrabawa sun fi samun maki, musamman masu yawan fargaba. Ya kamata mai bin wannan kundi ya san cewa wata tawagar masana ta sake gwajin, ta ba da rahoto a 2018 cewa ba ta sami irin sakamakon ba. Don haka mun ba da shi ne a matsayin zaɓi. Wasu sun ce sun ji sanyi bayan rubutun. Wata kuwa ta ce rubutun ya tuno mata da abubuwan tsoron da ta manta. Ba za mu mai da shi doka ba.

Abin da ya fi karɓuwa shi ne bayanin da Malama ta yi musu a darasin kimiyya game da bugun zuciya: jiki ne ke tura jini da iska zuwa ƙwaƙwalwa don aikin da ke gaba, irin abin da ke faruwa ga ɗan tsere kafin a busa usur. Jeremy Jamieson ya gwada irin wannan bayani a 2010 a kan masu shirin jarrabawar shiga karatun digiri na biyu, kuma waɗanda aka yi wa bayanin sun fi takwarorinsu a sashen lissafi. Yaran sun riƙe maganar. Na ji ɗaya yana ce wa abokinsa a bakin ƙofa, "Zuciyata ta fara shiri."

Mun kuma yi gwaji na sharar fage a zaune irin zaman jarrabawa, da agogo da komai, ba tare da maki ba, don kada ranar ta zo musu baƙuwa.

Litinin, 12 ga Janairu, 2026

An dawo hutu. Mun zauna da Malama mun bi takardun zangon jiya daga farko. Neman taimako ya ƙaru a darussanmu biyu, wannan a fili yake. Karanta gyara ma haka. Maki ya ɗan motsa ga masu fargaba, amma ba mu da wani ajin da muke gwadawa da shi, don haka ba zan ce aikinmu ne ya jawo ba. Masu yanke ƙauna su ne suka fi jinkirin motsi, kuma hutun ya mai da wasunsu baya.

Takardun sun kuma fito da abin da ya fi ƙarfin allo da alli: yaron da ba ya samun barci, wadda aka yi wa rasuwa, wanda ake tsangwama a hanyar gida. Waɗannan mun miƙa su ga mai ba da shawara na makaranta, tare da sanin yaran. Sauya salon tambaya ba zai warkar da su ba, kuma bai dace mu yi kamar zai iya ba.

Zangon nan za mu juya madubin ga kanmu. Anne Frenzel da abokan aikinta sun nuna a 2009 cewa jin daɗin malami da darasinsa yana ratsawa zuwa ga ɗalibai ta hanyar kuzarin da suke gani a koyarwarsa. A 2010 kuma Beilock ta gano cewa a azuzuwan farko na firamare, inda malama ke fargabar lissafi, 'yan mata sun fi karkata ga yarda cewa lissafi na maza ne kafin ƙarshen shekara, kuma waɗanda suka yarda da hakan makinsu ya yi ƙasa. Don haka Malama za ta riƙa zama a bayan ajina, ni ma in zauna a nata, kowa ya rubuta abin da fuska da muryar ɗan'uwansa suka yi a daidai lokacin da yaro ya ba da amsar da ba daidai ba. Mu ma za mu cike 'yar takardar launi kafin mu shiga aji.

Malamin harshe ya nemi shiga aikin, kuma mun yi maraba, domin karatu a bayyane a gaban aji yana da tasa irin kunyar da lissafi ba shi da ita. Tambayoyi masu hawa-hawa za su zama na duk wanda ya so, a ajiye a kan tebur, don kada su zama tambarin masu rauni. Zaman lura na farko ranar Alhamis ne, a darasina.